Dajin da Ya Fito a Kan Ɗakin Sabuwa

A unguwar New Bell ta birnin Duwala, idan baƙo ya tambayi gidan Hajiya Sabuwa, ba a yi masa kwatance da masallaci ko da shagon mai gyaran waya. Hannu ake ɗaga masa sama, a ce ya bi itacen can. Itacen kuwa ba a tsakar gida yake ba, ba kuma a ƙofar gida ba. A kan rufin ɗakinta yake tsaye, cediya sosai, da inuwarta da jemagunta. Haka ake yi har bara. Yanzu dai sai a yi kwatance da shagon mai gyaran waya.

Masu cewa taɓin hankali ne da ita, su ne dai waɗanda suka sha inuwar. Gara a faɗi yadda abin ya faru tun daga tushe.

Sabuwa ba haihuwar Duwala ba ce. A wani ƙauye arewa da Daura aka haife ta, ta kuma yi wayo a shekarun fari, lokacin da shanu ke faɗuwa a bakin rijiya. Mahaifinta ya dasa darbejiya guda a ƙofar gida, ya kewaye ta da ƙaya, ya ɗora wa Sabuwa ban ruwa. Ruwan wankin kwano na darbejiya ne. Ruwan alwala na darbejiya ne. Wata rana ta bar ƙayar a buɗe, akuya ta shiga ta cinye dashen har ƙasa. Uban bai dake ta ba. Tsugunawa ya yi gaban ramin, ya daɗe yana kallo, sannan ya tashi ya tafi masallaci. Har ta tsufa tana cewa da ma dukan ya yi.

Abu biyu ta taho da su daga can. Na farko, itace mai inuwa ba a sa masa gatari. Na biyu, da ciyawa ba a faɗa. Duk abin da damina ta kawo, rani zai zo ya share. Ciyawar da ta fito a kan soro za ta bushe da kanta, iska ta kwashe. Haƙuri kawai ake yi. A can duka biyun gaskiya ne.

Ɗan kawunta Badaru ne ya aure ta ya kawo ta Duwala. Shi haifaffen New Bell ne, takalma yake sayarwa a babbar kasuwa. Cikin watan Agusta ta iso, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya. Amarya ta ajiye mayafi, ta fito da duk wata roba da tukunya da ke gidan ta jera a tsakar gida tana tara. Matan unguwa suka tsaya a bakin ƙofa suna kallo.

"Amarya, me za ki yi da shi?"

"Ajiyewa zan yi."

"Na gobe kuma a ina za ki zuba?"

Ba ta gane tambayar ba sai da aka yi sati ana abu ɗaya.

Sun haifi biyu, Affan da Nana Hadiza. Da kasuwa ta ɗan yi kyau, Badaru ya yi abin da mazan unguwar nan ke yi duk ranar da aljihunsu ya yi nauyi. Ya cire kwanon ɗakuna biyu, ya sa aka zuba rufin siminti, wanda a nan ake kira dal, wai zai ɗora bene. Aka yi matakala. Aka bar rodi a tsaitsaye a kowace kusurwa. Magini ya bar ragowar yashi da tsakuwa a gefe guda, ya ce sai an kira shi. Ba a kira shi ba, don Badaru ya kwanta ciwo na ɗan lokaci, Allah ya karɓi abinsa. Ba shi kaɗai ba ne. Wanda ya hau sama ya dubi New Bell zai ga rodi ko ta ina, suna nuna sama, kowanne da bazawara a ƙarƙashinsa tana tarar yoyo.

Da farko dal ɗin fari ne tas, ga zafi. Sabuwa na shanya barkono da kuɓewa a kai. Bayan damina ta farko sai ya yi baƙi-baƙi. Bayan ta biyu baƙin ya koma kore, gansakuka ta shimfiɗu daga gindin yashin har bakin matakala. Affan, yana saurayi a lokacin, ya hau ɗauko shanya, santsi ya kwashe shi, ya sauko yana ɗingishi.

"Inna, ya kamata a goge saman nan."

"A bari rani ya zo."

To, ranin Duwala ba rani ba ne. Damina ce take fita unguwa ta dawo. Daga Disamba gansakukar takan yi ja-ja ta kwanta kamar ta mutu, Sabuwa ta ce, ka gani ko. Yayyafi ɗaya ake yi ta miƙe. Shekara da shekaru a garin ba su koya wa Sabuwa wannan ba, don tsakar gidanta kullum a share take, ba ta taɓa barin wani wuri ta ga abin da zai zama ba. Wannan ne na farko.

Gansakuka ba ta da wani aiki sai riƙe abin da ya faɗo mata. Ƙurar titi, tokar murhu, dusar da iska ta ɗebo daga injin niƙa, duk ta kama. Ta ƙasa ta ruɓe, ta sama ta hau kanta. Indararo ya toshe, ruwa ya samu wurin kwana. A hankali aka samu ƙasa baƙa, kaurin yatsa, a wurin da ba wanda ya kai ƙasa. Daga nan ciyawa ta iso. Aya-aya ce ta fara, sai harkiya, sai fasa-ƙaba tana rarrafe a bakin tsaga. Da zaƙi-banza ya fito, Sabuwa ta tsinko ta yi kwaɗo da ƙuli. Duk wanda ya ci a gidan bai kawo maganar shara ba a ranar.

Rodin Badaru su ma ba su zauna banza ba. Tsuntsaye suka mai da su wurin hutawa. Tsuntsu kuma inda ya huta nan yake sauke abin da ya ci. A gindin rodi ɗaya gwanda ta fito, a gindin wani gwaba, a tsakiyar tsohon yashin kuma zurma da wata kurangar daji da ba wanda ya san sunanta da Hausa. Da waɗannan suka yi tsawo suka buɗe ganye, ciyawar da ke ƙarƙashinsu ta yi rawaya ta kwanta. Ba rani ne ya kashe ta ba, inuwa ce. Sabuwa ta lura da haka, don kullum da la'asar tana can sama a kan kujerarta 'yar tsugunno.

"Kamar 'yan haya," in ji ta. "Na farko ya gyara ɗaki, na biyu ya zo ya fitar da shi."

Nana Hadiza a lokacin ta zama malamar kimiyya a wata sakandare. Ta hau ta duba, ta ce abin nan yana da suna a littafi, har da zanensa: dutse tsirara, sai gansakuka, sai ciyawa, sai ƙananan itatuwa, sai manya. Ta ce ba ta taɓa ganinsa a fili haka ba. Ranar wata Laraba ta kwaso 'yan ajinta, suka hau bi da bi, tana nuna musu da sanda tana bayani da Faransanci, suna rubutawa. Sabuwa ta dama musu kunu. Da yaran suka tafi, Nana Hadiza ta zauna a bakin gado ta cire takalmi.

"Inna, yanzu sai a share."

"Ba yanzu kika gama yabonsa ba?"

"A makaranta abin sha'awa ne. A kan ɗakin uwata kuma, c'est dangereux, haɗari ne."

"Me ke zuwa bayan gwanda a littafin naku?"

"Manyan itatuwa."

"To."

Nana Hadiza ta ce daga baya wannan "to" ɗin ne ya kamata ta ji tsoro.

Jemagu ne suka kawo cediyar. Suna zuwa shan gwaba, suka bar irin a wata tsaga, daidai kusurwar da ke saman gadon Sabuwa. Ganye huɗu ta yi Sabuwa ta gane ta. Irinta ce a bakin kasuwar ƙauyensu, inda ake ɗaure jakuna. Ta sauka ta nemo tsohon kwando, ta fasa gindinsa, ta kifa a kan tsiron saboda akuya. Akuya ba ta taɓa hawa dal ɗin nan ba. Ta kuma riƙa ba ta ruwa. A Duwala. Da safe in ta yi alwala, a kwano take tarar ruwan, ta hau matakala da gwiwarta mai ciwo ta zuba.

A nan ne ta yi kuskure, ba sai an ɓoye ba. Ciyawa ba ta fasa siminti sosai, gwanda kuma saiwarta taushi gare ta. Cediya daban ce. Ta yi 'yan shekaru tana ƙarama kamar ba ta da niyya, alhali saiwa take aikawa. Saiwar ta bi bayan bango siririya kamar igiyar guga, ta sauka, ta sauka, har ta taɓa kwatar da ke tsakanin gidan da na maƙwabci. Ranar da ta sha ruwan kwata, magana ta ƙare. Kwandon ya fashe. Gwanda ta miƙe tana neman rana har ta karye. Zurma ta ɓace. Gwaba ta rage ganye, ta daina 'ya'ya. Ƙarƙashin cediyar ba abin da ya saura sai busasshen ganye mai laushi da wasu tsirrai masu son duhu, masu ganye kamar gashin zakara.

Ɗakin Sabuwa ya zama ɗaki mafi sanyi a layin. A watan Maris, lokacin da kwanon kowa ke gasa shi, mata sukan shigo da tsintar shinkafarsu su baje a ƙasa, wasu har barci. Ba a ji wadda ta ce taɓin hankali ba a lokacin. Maƙwabcinta Malam Sali, tela, mutumin Garwa, ya fito da kekensa daga shago ya kafa a inda inuwar ke faɗowa ta gefensa. Har benci ya sa wa masu jiran ɗinki. Shekara nawa yana nan, ba a taɓa jin ya ce inuwar ta yi masa yawa ba.

Sai wata saiwa ta ɓullo cikin ɗaki, daga kusurwar rufi, ta biyo bango ta bayan sif. Sabuwa ta duba ta, ta ga ta yi ƙwari, ta rataya carbinta a jiki. Da damina ruwa ya fara bin saiwar yana ɗiga. Ta sa roba. Da ɗigon ya zama biyu ta ƙara roba, ta ja gado gefe.

Bangon Malam Sali ne ya fara tsagewa ta waje. Ya yi sallama da hantsi, ya tsaya a zaure da tef ɗin awo a wuya.

"Hajiya, itacenki ya shigo mini."

"Ya yi sallama?"

"Ba wasa nake ba. Yatsana yana shiga tsagar."

"To ka daina sa yatsan, Malam Sali."

"Haƙƙin maƙwabtaka fa, Hajiya."

"Inuwar da kake ɗinki a ciki, haƙƙin wa ce? Ko ita ba ta shigo maka ba?"

Ya juya ya fita, ya kira ɗanta a waya.

Affan a lokacin yana aiki a wani ofis a Akwa, ya gina gidansa a Sodiko, can tsallaken gada, tsakar gida duk tayil, yana zaune da matarsa Rahmatu. Ya zo da yamma da rigar aiki, ya hau sama, ya sauko, ya shiga ɗaki ya ɗaga kai. Ya ga tsagar ta ratsa rufin daga kusurwa zuwa tsakiya, ga tsatsar rodi tana zubo ja. Ya zauna a ƙasa gaban uwarsa.

"Inna, ɗaya za a yi cikin biyu. Ko a sare itacen nan, ko ki dawo wurina."

"Akwai na uku."

"Wanne?"

"Ka koma gidanka, ka gaishe da Rahmatu."

"Rufin nan zai faɗo miki."

"A nan ubanka ya bar ni. Itacen nan kuma ban kira shi ba, da ƙafarsa ya zo. Wanda ya zo da ƙafarsa ba ni zan kore shi ba."

"Itace ba shi da ƙafa, Inna."

Ta nuna saiwar da carbi ke rataye a jiki. "Wannan mene ne?"

Gidan take so, da itacen a kansa. Ba ta ga dalilin da zai sa a ce ta zaɓa ba. Aka turo mata limami, ta ba shi fura, ya sha a ɗakin mai sanyi, ya fita yana cewa a dai yi addu'a. Aka turo ƙawayenta, suka yi barci.

Abin da 'ya'yan suka yi daga nan shi ne abin da ba za a yafe da sauƙi ba, ko da gaskiya na gefensu. Rahmatu matar Affan ta haihu. Aka zo da tasi aka ɗauki Sabuwa zuwa Sodiko, ta zauna har suna, ta yi wa jaririya wanka, ta dafa wa mai jego kunun kanwa. Tana can tana gasa wa jikarta cibiya, Affan ya kawo masu injin yankan katako New Bell. Nana Hadiza ce ta ba su mabuɗi. Malam Sali ne ya riƙe musu igiya. Mutanen layi, masu barcin Maris, suka fito da buhuna suna kwasar itacen girki. Babu ko mutum ɗaya da ya ce a jira mai gidan. Matar da ta haife ka, ta yi maka wanka kana jariri, ta yi wa 'yarka, ba ta cancanci a dube ta a ido a ce yau za a sare ba? Ko kuka ne ai a bar ta ta yi a gaban abinta.

Da ta dawo, tun daga bakin layi ta ga sama a buɗe. Ta biya mai babur. Ta gaisa da na gaisawa. Ta hau matakala, ta tarar da kututture fari yana zubar da ƙaro kamar madara, an kankare ƙasar duka an zubar, dal ya fito tsirara da tsagoginsa. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta sauko ta ɗora tukunya.

Ba ta yi wa kowa faɗa ba. Affan ya zo da jawabinsa a shirye, ta tambaye shi ko jaririya na kama nono.

Sai dai saran bai ceci ɗakin ba, don an makara da shi. Da can ganye ke tare ruwan sama, ƙasar ta shanye wani, saiwa kuma ta cike tsagar da ta yi. Yanzu ruwan Agusta ya sauka kai tsaye. Saiwoyin da aka datse suka bushe suka motse, kowacce ta bar rami. Robobin gidan suka ƙare. Wata Juma'a da rana, tana zaure tana tsintar wake, wani ɓangaren rufin ya saki ya faɗo a kan sif. Magini ya zo ya duba ya ce dal ɗin duka sai an fasa. Ko an bar itacen, in ji shi, da haka za a ƙare, sai dai wataƙila ba bana ba. Wannan "ba bana ba" ita ce duk abin da Sabuwa ta nema tun farko.

Aka fasa. Aka kwashe kayanta zuwa Sodiko, aka ba ta ɗaki mai fanka da taga mai kallon katanga. Affan ya ce da zarar abubuwa sun daidaita zai sake gini, bene ma kuwa. Wurin yana nan, tarin ɓaraguzai da rana a kai.

Kwanakin baya Malam Sali ya hau mota har Sodiko, wai ya zo gaisuwa. Ya rame, ya yi baƙi. Ya mai da kekensa cikin shago, zafi ya kori masu jiran ɗinki. Sabuwa ta sa aka kawo masa ruwa, ta bar shi ya gama kewaye-kewayensa.

"Hajiya, filin nan naku ya zama abin da ya zama. Ciyawa har gwiwa. Jiya an ga maciji."

"Wace iri?"

"Macijin?"

"Ciyawar."

"Ina na sani? Ciyawa dai. Da wani mai faɗin ganye. Kututturen kuma da aka jefar a kwata ya yi toho, wajen biyar, duk ta gefen bangona."

Ta gyaɗa kai kamar an ba ta labarin dangi.

"Shi ne na ce ko za ki yi wa Affan magana, ya turo a share," in ji Malam Sali.

Affan ɗan fari ne, Sabuwa ba ta taɓa kiran sunansa ba. Da "yaron nan" take ce masa. Tun da ta dawo Sodiko ta sauya masa laƙabi.

"Mai injin yana dawowa bayan magariba," in ji ta. "Ka jira shi. Kun saba aiki tare."